Iskar da Na Kai Cadakori

Tun ranar da na dawo daga Cadakori 'yan fadarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Kowa ya zauna sai ya ce, "Hamisu, da gaske ne Gobirawa sun kifa wa bututunka tukunya?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya tashi sai ya ƙara nasa gishirin a gaba. Jiya ma na ji wai aljani ne ya mare ni a kan rufi. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda suka gudu daga lakol, wato makarantar boko.

Ga wanda bai san ni ba, ni Bakatsine ne, walda nake yi a Gangara, kuma da itace ya fara wuya na je Maraɗi na koyo haɗa murhun gaz. Wadda ta kira ni Cadakori ita ce Hajiya Rabi, shugabar wata ƙungiyar mata masu dafa madara su yi kindirmo. Suna da ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai ciki biyu, ruwa a na waje, madara a na ciki, an girke ta cikin ɗaki a kan murhun itace. Mai kula da wutar wata dattijuwar Bafulatana ce, Inna Dudu. Hayaƙin ɗanyen itacen damina ya cinye mata ƙirji, har likita ya ce ko ta bar hayaƙi ko ya gama da ita. Ita kuwa ta rantse ba mai taɓa mata tukunya. To shi ne aka ce in zo in maida murhun na gaz. Aikin ba shi da wuya, abu ɗaya ne a cikinsa mai kisa: wutar gaz a rufaffen ɗaki, in ba ta da inda za ta shaƙa da inda za ta fitar, wanda ke zaune kusa da ita ba ya tashi.

Da zan fita, Iya, mahaifiyata, ta leƙo daga madafi da ɗankwali ɗaure tam a goshi. Ta ce in na biya Maraɗi in sayo mata maganin ciwon kai, wannan na kowace safiya ya ƙi barin ta. Na ce to, hankalina yana kan kaya.

Kayan kuwa su ne bakin wuta na baƙin ƙarfe mai zobe uku, da tiyo, da makullin da ake ɗaura wa kan buteli, wato tulun gaz, da bututun kwano guda uku masu shiga cikin juna, da hularsu ta tare ruwan sama. A tashar Gazawa ɗan kamasho ya rantse bututun ba za su ji komai ba a saman bas, sannan ina kallo ya ɗora musu buhunan aya. Cikin motar wani mai babbar riga ya ji an ambaci gaz, sai ya ce a sauke ni, shi yana da iyali. Na ce masa babu buteli ko ɗaya, ƙarfe ne zalla. Ya ce ai ƙarfen ya saba da gaz ɗin. Daga nan har Agye yana ba fasinjoji labarin gidajen da suka tashi sama, ba kuwa wanda ya gani da idonsa, duk a bakin surukinsa ya ji. Wata mata ta janye kajinta daga kusa da ƙafata.

Bayan Cadawa jandarma suka tsayar da mu. Ɗaya ya sa aka sauko da bututu, ya ɗaga shi ya leƙa ta ciki, ya hango abokin aikinsa a ɗaya bakin.

"Wannan na harba me ne?"

"Ranka ya daɗe, ba ya harbi. Hanyar iska ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Iskar ma yanzu sai an yi mata hanya?" Ya miƙo mini abina yana girgiza kai. Na yi dariya a lokacin, don ina ganin ni ne mai ilimi a wurin.

A Maraɗi na ci wake da shinkafa a tsaye, na sayi maganin Iya na jefa aljihu, na sake mota. Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma da ka shiga Tibiri kunnenka zai gaya maka ka bar gida. Babu shinge, babu mai tambayar takarda. Sai dai "ne" da "ce" sun sauka a Maraɗi, "na" da "ta" suka hau. Ka tambayi mutum, "Wannan ce motar Cadakori?" ya ce maka, "Ita ta." Ga tsofaffi da zane daga baki har kunne, suna kallon fuskata fayau da tausayi, kamar wanda iyayensa suka manta su yi masa shaida.

Motar ta kai mu inda taɓo ya ce mata ya isa haka. Ragowar hanyar a amalanken jaki na yi ta. Muna tsakiyar gonakin gero hadari ya sako, ba bishiya ba bukka. Mai amalanke ya ja buhu ya rufa, ni kuma na ɗauki hular bututu na kifa a kai. Haka na shiga Cadakori, gwanin gaz daga gabas, ruwa na kiɗa a kan kwanon da ke kaina.

Gidan Hajiya Rabi aka sauke ni, wurin maigidanta Baba Nomau, tsoho dogo da ya haura saba'in, wanda ya ce kakan kakansa ne ya sari gidan. An ba ni ɗakin zaure, ni da buhunan taki da wata kaza mai kwanci da ba ta yarda ni baƙo ne ba. A garinmu in an kawo wa baƙo fura, a ajiye a ba shi wuri. A can kuwa mai gida zama yake a gabanka yana kallon ludayi. Ka ajiye, ya ce, "Ba ka sha ba." Ka ƙara, ya ce, "Halan hurarmu ba ta kai ta Katsinawa ba?" Sai da na ga gindin ƙwarya, sannan aka shigo da tuwon gero da miyar guro, wato kuɓewa. Gaskiya furar ta fi tamu, amma ban faɗa musu ba.

Da safe na ga ɗakin tukunya, a bayan gida yake, kusa da wata tsohuwar tsamiya. Bango baƙi ƙirin, taga ɗaya ƙarama, ƙofar kwano. Inna Dudu na zaune a bakin ƙofa tana tari, siririya, idanu jajur. Ta dube ni ta ce, "Kai ne maƙerin? An ce ka zo da tukunya a kai. Ashe maƙera ma suna tallan kosam." Kosam shi ne nono a bakinsu. Na ce, "Inna, na ji an ce wata Bafulatana ta shanye hayaƙin garin nan ita kaɗai, na zo in ƙwatar wa mutane rabonsu." Ta yi dariya har tarin ya turnuƙe ta. Nan take na ji tsohuwar ta kwanta mini a rai.

Kwana biyu na yi ina aiki. Na kwashe toka, na zaunar da bakin wuta a tsakiyar tsohon murhun, daidai ƙarƙashin gindin tukunya. Butelin gaz da ƙungiyar ta saya na gina masa ɗan akurki a waje cikin inuwa, tiyo ya ratso bango. Na buge lotsawar da buhunan aya suka yi wa bututu, na tsayar da shi daga bayan murhu, miƙe sak, ya fasa rufi ya wuce shi, na ɗora masa hularsa. Saura kafa a ƙasan bango, wadda wuta za ta riƙa shaƙa ta cikinta. Na ɗauki diga na nufi bangon da ke kallon tsamiya.

Baba Nomau ya riƙe mini hannu. "Ɗana, kak ka huda nan. Huda wancan ɓangare."

"Baba, ai ta nan wajen iska ta fi zuwa."

Ya sake ni, ya dubi tsamiya, ya dube ni, ya koma gefe. Na ɗauka hujjata ce ta kashe masa baki.

Ranar gwaji mata suka cika ƙofa. Na shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyo, ba kumfar da ta taso, wato ba ya yoyo. Na kunna, wuta ta tashi shuɗiya, ba ko ɗigon ja. Don in tabbatar bututu na ja, na roƙi Hajiya kaskon turaren wuta, na riƙe shi a gindin bututun. Hayaƙin turaren ya miƙe ya shige sama. Na juyo da murna na ce, "Kun gani? Iska ta ɗauka!" Wasu mata biyu suka ja da baya suna salati. Na ce a raina ƙauyanci ne.

Sannan na gyara tsayuwa na yi musu jawabin da nake yi duk inda na haɗa gaz, wanda nake ji da shi ƙwarai. Na ce, "Ku saurara da kyau. Akwai wata muguwar iska a ɗakin nan. Ba a ganinta, ba ta da wari, ba ta da ƙara. Da ciwon kai take fara kama mutum, sai jiri, sai barci, in ya kwanta shi ke nan." Na nuna kafar bango, na nuna bututu. "Wannan da wancan su ne hanyarta. Ku kula da su."

Baba Nomau ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Mun san ta, ɗana. Tun kakanninmu muna makwabtaka da ita. Allah shi yi ma albarka da kah hwaɗi gaskiya, wani da ɓoyewa zai yi." Kaina ya kumbura. Na ce ashe Gobirawan nan sun fi 'yan garinmu saurin ganewa.

Inna Dudu kuwa sau ɗaya na nuna mata kunnawa da kashewa ta iya. Ranar ta dafa madararta ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ta ce, "Maƙeri, wutarka ba ta da toka, ba ta da hawaye. Na yafe maka rabin rainin da nake maka."

Ganin aiki ya yi kyau, na ce bari in leƙa ƙanwata da ke aure a Sae Sabuwa, in dawo in ɗauki kayan aikina. Kwana biyu na yi can, ina cin zabi ina ba surukai labarin yadda na waye da mutanen Cadakori.

Da hantsi na dawo a kan moto, wato babur. Tun daga nesa na hango bututuna, na ga hularsa ta yi ƙiba. Da muka matso sai na ga ba hula ba ce. Tukunyar ƙasa ce aka kifa masa, aka shafe bakinta da laka, ga laya tana lilo a wuyansa. Ban san lokacin da na diro ba. Na zagaya bayan ɗaki, kafar bango an yaɓe ta sumul. Taga an cusa mata tsumma. Ƙofa a rufe, an jingina mata tabarma.

Hajiya Rabi ta taryo ni da fara'a. "Sannu da zuwa, Malam Hamisu. Ai mun toshe mata hanyoyin duka. Jiya ta so ta taɓa Dudu da ciwon kai, shi na munka ƙara da taga da ƙohwa."

"Ina Innar take?"

"Tana ciki tana dahuwa."

Na murɗe kan buteli, na ɗauke numfashi, na sa ƙafa na doki ƙofar. Gindin tukunya ya yi baƙi da zoza, wato baƙin hayaƙi, ɗakin zafi ɗau. Inna Dudu na zaune ta jingina da bango, kai a langaɓe, muciya a cinya, kamar mai gyangyaɗi. Na kira ta, ba ta amsa ba. Na sungume ta na yi waje, ba ta fi damin kara nauyi ba. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Na shimfiɗa ta a fili ina yi mata fifita da rigata, ina kiran sunanta, har Allah ya sa ta yi tari, ta yi amai, ta buɗe ido.

A amalanke muka kai ta gidan likita. Ya duba ta, ya sa mata ruwa, ya ce da an ƙara jimawa kaɗan da sai dai wani zancen. Sannan ya dubi matan da suka yi mata rumfa ya ce, "Ku ba ta wuri ta sha iska." Baba Nomau ya zabura ya ce, "Subhanallahi!"

Nan haƙurina ya ƙare. Na ja shi waje na manta da furfurarsa. Na ce wane irin rashin tunani ne wannan, na yi aiki kwana biyu an zo an yi masa rawani da tukunya, an kusa kashe baiwar Allah. Na faɗi maganganun da ko yanzu in na tuna sai in ji kunya. Hajiya Rabi ce ta tako ta tsaya a gabana.

"Malam Hamisu, ka gama? To wa yac ce akwai mugunyar iska cikin ɗaki?"

"Ni ne, amma..."

"Wa yac ce ba a ganinta, tana kama mutum da ciwon kai? Wa yah huda bango wajen tsamiya, yac ce ta nan ta hi zuwa? Wa yat turara mata turare gaban jama'a, yac ce ta ɗauka? Kai kan nuna muna hanyarta, kac ce mu kula. Mun kula. In kura na bi ta wata kahwa tana shigo maka garke, buɗe mata kakai ko toshewa?"

A garinmu ma in an ce iska ta taɓa wance, ba wanda ke zaton ta hadari ake nufi. Na san haka tun ina yaro. Amma da na koyo aiki a Maraɗi aka gaya mini sunan abin da Faransanci, na dawo na laƙaba masa kalmar da ta fara zuwa bakina, ban taɓa tsayawa na ji yadda take faɗawa a kunnen tsoho mai tsamiya a bayan gida ba.

Sai a lokacin na lura da gwiwar Baba Nomau, a ɗaure da tsumma, jini ya ɓullo. Ya ga ina kallo ya ce, "Tsani na yaz zame da ni. Ni da kaina nih hau, ban aiki kowa ba. Dudu tun tana amarya take kawo muna nono gidanga. Cewa niy yi in iskar za ta kama wani, ta kama ni can bisa." Na durƙusa a gabansa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai Katsinawa da ma baki ya yi musu yawa.

Da la'asar Inna Dudu ta dawo hayyacinta sosai, ta sa aka kira ni. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Maƙeri, hannunka ya iya aiki, bakinka bai iya ba. Na karɓe rabin da na yafe maka." Ta huta ta ci gaba. "Da ka ce musu tukunya saniya ce. Ramin ƙasa hancinta. Na sama kuwa, kowa ya san abin da saniya ke yi da ƙofar baya. Wa ke toshe wa saniya hanci da gindi ya ce tsaronta yake?" Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, har likita.

Washegari na sake tara su, na yi bayani da saniyar Inna Dudu, kalmar nan kuwa ban bari ta fito daga bakina ba. Na ce wuta numfashi take, abin da ta fitar guba ne, in ya rasa ƙofa cikin mutum yake komawa. Baba Nomau da kansa ya sa fartanya ya fasa yaɓen da ya yi. Na hau na sauke tukunya, na maida hula, na goge zozar, na kunna, wuta ta dawo shuɗiya. Ya miƙo mini layar ya ce, "Wagga hwa? Tana toshe hanci?" Na ce a'a. Ya ce, "To maida ta inda kag gane ta." Na ɗaure ta a wuyan bututu daga waje, tana can har yanzu.

A hanyar dawowa ba abin da ya faru sai a Agye. Mota ta tsaya, na sa hannu a aljihu, na ji maganin Iya. Ciwon kai kowace safiya. Na zauna ina kallon kwalin a hannuna. Bara ni na haɗa mata gaz a madafi, na huda mata taga, na tsaya na yi mata jawabina tun daga farko har ƙarshe.

Ban san yadda na iso Gangara ba. Ko sallama ban yi ba na faɗa madafi. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tukunya a kan wuta, ƙofa a saye, ɗankwali ɗaure a goshi. Na ɗaga kai. Tagar tana nan, an cusa mata tsohon wandona na aiki, wanda na yi wata da watanni ina nema.

"Iya, wa ya toshe wannan?"

"Ni mana. Ba kai ka ce ta nan take bi ba?"

Na fizge wandon, fuskar Inna Dudu kawai nake gani a jikin bango. Na fito da Iya tsakar gida na zaunar da ita, na ba ta labarin saniya. Ta ce to me ya hana ni faɗin haka tun farko. Yau sati biyu ke nan ba ta ɗaura ɗankwali a goshi ba, maganin yana kan taga ko buɗe shi ba a yi ba.

Ku kuma da kuke tambayata labarin tukunyar Gobirawa kuna riƙe ciki don dariya, yawancin gidajenku ni na haɗa wa gaz, kuma wannan jawabin na yi wa iyayenku mata, ban rage ko kalma ɗaya ba. Ku ajiye kofin shayin nan ku je ku duba taga.